Dalar Azurfar da Kawu Ya Zaɓa

Jiya ina goge-goge, wata tsohuwar dalar azurfa ta faɗo daga kan kabad, ta bugi tayil, ta yi ta amo. Nan take Kawu ya faɗo mini a rai.

Shi ba ya sayen tsohon kuɗi da ido. Sai ya ɗora dalar a kan ɗan yatsa, ya ƙwanƙwasa ta da makullin gidansa. "Azurfa tana jan gaisuwa," in ji shi. "Jabu kuwa daga 'sannu' ta gama."

Wata Asabar a kasuwar Deptford, a ƙasar Turawa, ana yayyafi, ya tsaya zai saya wa jaririyata dala guda, kyautar suna. Lokacin kunnensa ya yi nauyi, amma wa zai faɗa masa? Ya ƙwanƙwasa, ya matso da ita kusa da kunne, ya sake ƙwanƙwasawa. Sai ya yi murmushi.

"'Yar nan, ara mini kunnenki."

Na saurara. "Kawu, wannan ba ta gaishe mu ba."

Ya mayar wa mai kayan, ya ɗauko wata. Ita ce ta faɗi jiya.

Allah ya jiƙansa, ya sa ranar awo ayyukansa su yi dogon amo haka.