Yadda Famfon Iska Ya Kusa Kashe Ni a Hanyar Tsafe

Asabar: Gusau zuwa Bungudu

Tun kafin kiran assalatu na fito daga gida ina tura keke, tumbina na gaba yana share mana hanya. Ni ne dai Mudi mai kayan keke a kasuwar Gusau, wanda 'yan ƙungiyar tseren kekenmu suka naɗa shugaba, ba don gudu ba, sai don a shagona ake samun inuwa da famfo. A da na yi tsere. Yanzu in na hau keke, taya ce ke fara salati.

Fitarmu ta farko ke nan a bana, farkon bazara, bayan watanni muna zagaye cikin gari saboda halin da hanyoyinmu ke ciki. Tsere biyu muka tsara. Asabar tseren zagaye a Bungudu, inda ake tashi gaba ɗaya a yi ta kewaya unguwa. Lahadi kuma tseren agogo daga Gusau zuwa Tsafe, inda ake sakin mutum ɗaya bayan ɗaya, kowa ya yi gudunsa shi kaɗai, agogo ya raba gardama.

Na biya gidan yayata, Yaya Kulu, in ɗauki ɗanta Lawali. Tela ne, siriri, ƙafafunsa kamar sillen kara, amma duk ƙungiyar babu mai kamo shi. Na same ta zaune a kan sallaya, ba ta ko dubi inda yake ba. Ɗan fari ne, ba ta kiran sunansa, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane.

Ta ce, "Mudi, wancan shi kaɗai gare ni. Idonka kar shi bar bayanai. Ka jiya?"

Na ce, "Haba Yaya, ni da ko zaki ya gan ni sai ya sake hanya?"

"Ban son surutu. Ce ka ɗauki amana."

"Na ɗauka."

Mun loda kekuna a bayan a-kori-kura, amma ba mu bar gari ba sai da rana ta fito. Duk mai bin hanyoyin nan ya san ƙa'ida: ka tsaya a bakin gari sai ka ga motoci na shigowa daga can ɓangaren, sannan ka san hanya a buɗe take. Da motar farko ta ɓullo, direbanmu ya ɗaga hannu, wancan ya ce, "Lahiya lau, ku tahi." Ban taɓa ƙaunar mutumin da ban sani ba kamar shi.

A Bungudu an yi tsere mai daɗi. Mun zagaya bayan kasuwa, akuya ta shiga cikinmu ta yi zagaye guda cur, kuma a ganina ita ta zo ta uku. Lawali ya zo na biyu, ya ce iska ce ta cuce shi. Muka zauna cin hoce da fura a rumfar wani dattijo ɗan Furfuri. Ya tambaye ni ina muka nufa gobe, na ce Tsafe. Sai ya daina tauna. Ya dube ni ya ce, "Bisa keke?" Na ce bisa keke. Ya ce, "Allah shi tsare." Yadda ya faɗe ta, sai na ture ƙwaryar fura gefe. Kafin la'asar mun koma Gusau.

Lahadi: daga shingen bakin gari

Da hantsi muka jeru gaba kaɗan da shingen jami'an tsaro. Mun sanar da su, mun kuma sanar da na bakin Tsafe, inda a-kori-kurarmu ta riga ta tafi da mai riƙe agogo. A tunaninmu mun gama sallama da kowa.

Masu tsere tara ne, babur ɗin rakiya ɗaya tak, na Bala ɗan kabu-kabu, wanda zai goya ni. A matsayina na shugaba mai adalci, na yanke hukunci cewa babur zai bi wanda aka saki a ƙarshe, wato Lawali. Aka yi gunaguni, na ce duk wanda bai yarda ba ya je ya yi wa Yaya Kulu bayani. Shiru.

Ga shigar da na yi, ku auna da kanku. Na naɗe fuskata da rawani saboda iska. Na ƙwama baƙin tabarau. Na ɗaure dogon famfon iskana, baƙi mai mariƙin ƙarfe, da igiya na rataya a baya, bakinsa ya leƙo ta saman kafaɗata. Bala ya dube ni ya ce, "Alhaji, ka hito kamar babban mutum." Na ji daɗi, wawa da ni.

Aka saki mutum takwas ɗaya bayan ɗaya. Aka ƙirga wa Lawali, ya duƙa, ya tafi. Dokar tsere ta ce babur ya ja baya sosai. Ni kuma ina da dokar Yaya. Na ce wa Bala, "Manne mai."

Tsakanin Kwatarkwashi da Tsafe

Har muka wuce dutsen Kwatarkwashi ina raha. Daga nan hanya ta fara yin shiru. Gonaki dama da hagu, wasu an share, wasu ciyawar bara na tsaye babu wanda ya taɓa. Na lura mun jima babu motar da ta zo daga gaba. Na taɓa kafaɗar Bala, ya ce, "Na gani, Alhaji. Yi shiru." Kowane kututture sai ya zame mini mutum a tsugunne.

Ni kuma in tsoro ya kama ni, baki ne ke buɗewa. So nake Lawali ya fitar da mu daga dajin nan, sai na shiga yi masa irin ihun da na saba yi a wajen atisaye: "Taka! Taka, ɗan banza! Wallahi in na cim maka sai na yanka ka! Yau kwananka ya ƙare!" Shi ya san wasa ne, tun yana ɗan shekara goma nake yanka shi da baki. Ya ƙara duƙawa yana gudu kamar wanda mutuwa ta biyo.

Haka muka sha kwana muka faɗa wani ƙauye da ke bakin hanya, wanda ba zan faɗi sunansa ba. Abin da na gani kawai, Lawali ya wuce, aka jawo gungumen itace tsakaninmu da shi. Bala ya taka birki, muka zube. Kafin in ɗago, na hango mutane sun tare Lawali a gaba, sun ɗauke shi cak da hular kwanonsa, sun shige lungu da shi. Ƙafafunsa na ta juyawa a sama kamar har yanzu yana kan keke.

Na ce shi ke nan, an ɗauke ɗan Yaya a gaban idona.

Aka danne ni. Bakin bindigar toka ya sauka a wuyana, da sanyi. Na ƙirga mutum dubu, Bala ya ce ba su fi ashirin ba, amma shi fuskarsa na cikin ƙasa, me ya gani? Masu adda, masu gora, kowa idonsa ja. Wani ƙato ya ce, "Ina sauran naku? Ku nawa ne cikin daji?"

Sai a lokacin na gane. Ba 'yan bindiga ne suka kama mu ba. Mu ne 'yan bindigar. Kuma na san abin da ake yi wa wanda aka kama da wannan zargi, ba a kai shi ko'ina.

Na ce, "Ku ji tsoron Allah, famfo ne!"

Aka fizge shi daga bayana. Wani dattijo, ashe shi ne mai gari, ya riƙe shi nesa da jikinsa, ya danna a hankali. Famfo ya ce fuuu. Babu wanda ya yi dariya. Ƙaton nan ya ce, "Baba, ko sanda ta ishe su ɗaukar mutum. Da kunnena na ji ya ce zai yanka shi. Mutum takwas sunka wuce nan a guje, kawunansu ƙasa, munka yi masu magana ba wanda ya amsa. Mi sunka gudo ma in ba wanga ba?"

Na ce, "Tsere ne! Ɗan yayata ne, ni kawunai ne!"

Mai gari ya ce, "To kira shi. In naka ne, ya amsa."

Na buɗe murya, "Lawali!" Shiru. "Lawali, don girman Allah!" Shiru, sai kukan kaza. Na sake kira har muryata ta koma ta ɗan akuya. Na ji an gyara bakin bindiga a wuyana. Bala ya fara kalmar shahada, ni ma na bi shi, ina yi ina kuka, ina ganin fuskar Yaya a kan sallaya. Ko na mutu ko na rayu, ban san inda ɗanta yake ba.

Sai wata tsohuwa ta fito daga lungun, ƙarama, da zane a kafaɗa. Ta ce, "Ni na hana shi amsawa. Yana cikin rumbuna. Haka anka kira nawa da sunanai bara, ya hito." Babu wanda ya dube ta.

Ta zagaya ni tana kallo. Ta ce, "Numfashi ya hana shi magana, sai yanzu. Na ce in da gaske yana da kawu, shi hwaɗa min kamanninai. Ya ce ƙaton ciki, ƙaramin kai, da giɓi. Ku kware mai rawani." Aka kware. Ta ce, "Ciki ya yi. Kai ya yi. Buɗe baki."

Jama'a, haƙorin nan na gaba keke ne ya cire mini shi ina saurayi, shekara da shekaru ina jin haushinsa. Ranar nan na wage baki har sai da ta ga abin da na karya da shi. Ta leƙa, ta ce, "Shi ne. Ku ɗaga mai."

Aka cire wa rumbu hula aka zaro Lawali, fari fat da ƙaiƙayin dawa, yana atishawa. Na rungume shi ina shessheƙa. Abin da ya fara ce mini shi ne, "Kawu, agogo na tahiya?" Da ba a riƙe ni ba da na cika masa alkawarin yanka.

Mai gari ya sa aka kawo mana ruwa, amma bai sake fuska ba. Ya ce, "Kun gaya ma na bakin Gusau, kun gaya ma na bakin Tsahe. Mu da ke kwana tsakiya, ba mu isa a yi muna sallama ba? Da ɗayanku ya zo jiya ya zamna nan, da yau ruwa za mu miƙa ma yaranku bakin hanya. Saura kaɗan mu ɗauki alhakinka." Na ba shi haƙuri.

Tsafe, da komawa gida

A hankali muka ƙarasa Tsafe, Lawali a gaba, mu a baya can nesa, famfo kwance a cinyata kamar jariri. Mun tarar da 'yan ƙungiya cirko-cirko a bakin shinge, ɗaya har ya fara kiran Gusau a waya. An kawo shinkafa da wake, na ci loma biyu, ni da ake ɓoye tukunya in na shigo gida. Bayan azahar muka bi ayarin motoci muka juyo. Da muka zo ƙauyen nan, tsohuwar na tsaye a bakin lungu. Lawali ya cire hular kwano ya ɗaga mata.

Mun shiga Gusau kafin la'asar. A hanya na shirya labarin da zan ba Yaya, mai kyau, wanda babu bindiga a ciki. Ta saurare ni har na gama. Sannan ta miƙa hannu, ita da ban taɓa ganin ta taɓa ɗan nan a gaban mutane ba, ta ciro ƙaiƙayin dawa daga bayan kunnensa. Ta ce, "A kan keke ake shuka wanga?"

Na faɗi gaskiya duka. Ta dubi ƙaiƙayin da ke tafin hannunta. Can ta ce, "Matar nan, nata bai dawo ba?" Na ce ban iya tambaya ba.

Ta ce, "Gobe ka kai ni in gan ta."

Na ce, "Yaya, hanyar nan? Ni na rantse ko a mafarki..."

"Gobe. Kuma ka bar famfon gida."

Na gode wa Allah da ya dawo da mu. Na gode wa Bala, wanda ya ce ko duniya zan ba shi ba zai ƙara goya ni ba. Na gode wa mai garin da ya danna famfo kafin ya yanke hukunci, da tsohuwar da ta buɗe wa ɗan wata rumbunta. Washegari da hantsi ni da Yaya muna tsaye a bakin gari, tana riƙe da ƙullin goro da turmin zane, muna jiran motar farko ta ɓullo daga Tsafe.