Saki, Kada Ki Tura

Shekara shida ke nan da rasuwar Kawu Sale, ƙanen mahaifiyata, wanda ya koyar da fizik a wata lise, wato makarantar sakandare, a nan Garwa. Na so a ce addu'a kawai zan rubuta. Amma abin da ya faru makon jiya ya hana.

Duk wanda ya zauna ajinsa ya san darasin ƙarfen. Yakan aro ƙarfen awo wajen mahautan kasuwa, ya ɗaure da igiya a reshen dogonyaro, ya jawo shi har ya taɓa hancinsa, ya saki. Ƙarfen ya tafi ya dawo a guje, muna ta ihu, shi ko ƙiftawa ba ya yi. Sai ƙarfen ya tsaya gab da hancin, ya juya. Kawu yakan ce tsayin da ka ɗaga shi ajiya ce: in ya sauko ajiyar ta zama gudu, in ya hau gudun ya koma tsayi. Nauyi ba ya ƙara komai, iska ma ragewa take yi. Sharaɗi ɗaya ne, kuma ni ya fi maimaita wa: "Saki, kada ki tura."

Makon jiya tsofaffin ɗalibansa suka shirya taron tunawa da shi. Wani cikinsu, yanzu babban mutum da mota, ya ce shi zai maimaita darasin. Bai sa nasa hancin ba. Ƙanwata Hadiza ya kira, wai jinin Malam ce. Don masu ɗauka da waya su samu abin kallo, sai ya hankaɗa ƙarfen. Na ga kafaɗarsa ta motsa. Ƙarfen ya dawo ya daki Hadiza a baki.

Haƙora biyu, da ɗinki a leɓe. Har yau kunu take sha da cokali.

Ba jinin ne ya fi ɓata mini rai ba. Kafin mu baro asibiti bidiyon ya zaga unguwa, bakin mutane ya zo ɗaya: ashe Malam Sale asiri gare shi, kuma ya tafi da abinsa kabari. Masu bakaloriya ne fa ke faɗin haka, mutanen da suka gama sakandare. Wanda ya yi turin ma ya zo dubiya, ya zauna a tabarmarmu ya ce wa Inna, "Hajiya, ai Malam bai bar mana laƙanin ba." Inna ta ce Allah ya kyauta. Ni tashi na yi na bar musu wurin.

Mutumin da ya ƙare ƙarfinsa yana nuna musu babu asiri a ciki, yau su suka mai da shi boka. Da yana raye, ina jin igiyar kawai zai kwance ya tafi gida.

Jiya na rataya galan cike da ruwa a mangwaron tsakar gidanmu, Hadiza na kallo daga ƙofar ɗaki. Na jawo har hancina, na saki. Na runtse ido, babu laya a jikina balle jarumta. Ya dawo, iskarsa ta shafi fuskata, ya koma. Abin da ya rage tsakaninmu bai wuce faɗin yatsa ba.

Wannan yatsan Kawu ya bar mana, Allah ya jiƙansa. Ba a binne shi tare da shi ba.