Kanwar Baffa Umaru

Har yau ban manta da safiyar Talatar da aka shigo mana da Baffa Umaru a kan babur ba, an matse shi tsakanin mai babur da ɗiyarsa Hajo don kada ya faɗi. Ƙarshen rani ne. Lokacin ni ce babbar nas mai kula da masu hawan jini da ciwon ƙoda a wani asibiti da ke yankin Bagudo, likita ɗaya tal gare mu. Ku da kuka fara aiki bana ku saurara, don laifin nawa ne, kuma na daina ɓoye shi.

Baffa Umaru tsohon makiyayi ne, rugarsu tana bayan Lafagu ta wajen iyakar Benin. Ƙodarsa ta daɗe da rauni. Ban da fitar da ruwa, ƙoda ce ke rage tsamin da ke taruwa a jini. Idan ta gaza, tsamin ya riƙa cin ƙashi da tsoka a hankali, yana ƙara kashe ita ƙodar. Wata uku kafin wannan rana, gwaji ya nuna tsamin jininsa ya ɗan hau, ba sosai ba. Likita ya jima yana juya takardar, domin maganin, wato ƙwayar bikabonet, akwai gishiri a cikinsa, gishiri kuwa a jikin tsoho mai raunin ƙoda ruwa yake tarawa, ya ɗaga jini. Daga ƙarshe ya rubuta mafi ƙanƙantar awo, ya ce mini, "Sista, duk wata ki auna nauyinsa da jininsa, ki duba ƙafafunsa. Da kin ga kumburi mu tsayar." Burinmu ɗaya ne, kada tsohon nan ya kai ga wankin ƙoda, wanda sai an je Birnin Kebbi.

Da na miƙa masa maganin, sai ya ɓalli ƙwaya ɗaya ya ɗora a harshe, yadda suke yi wa duk abin da ba su sani ba. Ya tsotsa, ya dube ni. "Ɗiyata, wagga ai kanwa ce."

Layi ya kai bakin ƙofa, ga ni da son tsokanar tsofaffi. Na ce, "Awo Baffa, kanwar Bature ce, 'yan uwan juna ne." Muka yi dariya, ya tafi. Watan farko ya zo lafiya lau. Na biyu bai zo ba, ni kuma ban aika a nemo shi ba.

To, ga shi an kawo shi. Ƙafafunsa sun kumbura har sai da muka yanka takalmin robarsa kafin ya fita. Ba ya iya kwanciya, sai zaune, yana jan numfashi da kafaɗu. Na auna jininsa sau biyu don ban yarda da na farko ba. Likita ya saurari ƙirjinsa ya ce ruwa ya hau huhu. Muka sa masa iskar taimakon numfashi, na yi masa allurar fitar da ruwa, sannan likita ya juya ga Hajo ya tambaye ta abin da yake sha.

"Maganinku ɗai," in ji ta.

Nan raina ya ɓaci, kun dai san bakina. Na daka mata tsawa. "Ki faɗi gaskiya! Wane jiƙo kunka ɗura mai? Kullum haka kuke, sai kun ɓata abu ku kwaso muna!"

Ta kwance wani tsumma daga bakin zanenta ta ajiye a kan tebur. Dunƙulen jar kanwa ne, irin wadda suke ba shanu.

"Shanu sunka ƙetara Benin biɗar ciyawa, yab bi su," ta ce a hankali. "Magani yaƙ ƙare can daji. Yac ce ke kinka ce mai 'yan uwa ne. Safe da marece shina jiƙa ta ga ƙwarya shi sha, ko rana guda bai yi fashi ba."

Ƙwayarmu a aune take, dunƙulen kanwa kuwa wa ya san yawan gishirin da ke cikinsa? Likita ya dube ni ya ce, "Sista, kin faɗi haka?" Na ce na faɗa. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Cewa kawai ya yi in sa masa robar fitsari in riƙa aunawa, idan la'asar ta yi babu komai, dole mu tura shi Birnin Kebbi. Dukanmu mun san da wuya ya kai da wannan numfashin.

Na ja kujera na zauna ina kallon jakar da fitsarin zai taru a ciki. Hantsi ya wuce, babu ko ɗigo. Aka kira azahar, na kasa tashi. Hajo tana riƙe da kansa tana yi masa magana da Fulatanci, ko kallona ba ta yi. Sai can bayan azahar ruwa ya fara gangarowa, kaɗan-kaɗan, sannan ya saki. Kafin la'asar ya iya jingina da filo.

Ya rayu, amma ƙodar ba ta dawo inda take ba. Bayan kwana biyar gwaji ya nuna abin da muke gudu ya faru, likita ya rubuta takardar wankin ƙoda. Ranar da za su tafi na durƙusa gaban gadonsa na ce, "Baffa, ka yahe mani."

Ya yi mamaki ƙwarai. "Mi kinka yi, ɗiyata? Ni dai ban bar maganinki ba."

Wannan maganar ta fi mini zafi a kan zagi. Mutanenmu ba sa zama hannu rabbana idan magani ya ƙare a daji, sai su nemi mafi kama da shi a cikin kayansu. Kuma duk abin da ya fito daga bakin mai farin kaya, ko da wasa ne, umarni ne a wurinsu. Shekaruna da yawa ina yi wa marasa lafiya faɗa kan rashin jin magana. Wanda na kai ga injin wankin ƙoda kuwa, jin maganata ya yi.