Ranar da Kawu Ya Yi wa Tashar Sama Jinka

Ko zan manta da komai na aikin koyarwa, ba zan manta da ranar da na shiga aji ɗauke da rumbu a faranti ba.

Lokacin ina sabuwar malama a wata firamare kusa da Rimawa, ba a daɗe da fara sako ruwan dam zuwa gonaki ba. Aikin gwaji nake yi. Aka ce sufeto zai zo ya kalli darasina, daga nan a tabbatar da ni ko a sallame ni. Ni kuwa da rawar kai irin ta ƙuruciya sai na zaɓi darasin tashoshin farko da mutane suka zauna ciki a sararin sama.

Wani yayana mai aiki a dam ne ya jawo. Ya kawo mini mujalla mai labarin yadda Rashawa suka fara harba tasu, Amurkawa suka biyo baya, har da hoton ƙaramin samfuri da aka haɗa da tubalan roba na wasan yara. A ina zan samu tubalan roba? Na ɗebo laka a fadama, na riƙa buga ƙananan tubala da kwalin ashana. Sati biyu ina fama. Na gina abin a kwance, dogo kamar ganga, na yi masa fukafukai biyu da kara, na shanya a gidan Kawu inda awaki ba sa shiga.

Abin da ban lissafa ba shi ne Kawu magini ne, rabin rumbunan garin shi ya gina.

Da safen ranar na je ɗauka. Wayyo ni! Tashata na tsaye kan duwatsu uku, an huda mata ƙofa a sama, an ɗora mata jinkar ciyawa tsaf. Fiffike ɗaya ya karye.

"Kawu, mi kay yi min haka?"

"Gyara niy yi miki, ɗiyata. Wa ya taɓa ganin rumbu kwance? Kada dai mutane su ce ɗiyar gidanga ba ta iya gini ba."

Hawaye suka cika mini ido, wallahi har raina na ji haushinsa. Amma ba a yi wa Kawu musu, ga lokaci ya ƙure. Na ɗauka haka nan.

Sufeto ya zauna a bayan aji, ya dubi abin, ya dube ni. "Malama, darasin noma za mu yi?"

Yara suka kwashe da dariya. Sai kawai na tambaye su me ake yi da rumbu. Suka ce ajiyar hatsi. Ta ina ake shiga? Ta ƙaramar ƙofa a sama. Na ce to, haka tashar take, an tara mata abinci da ruwa da iska, an liƙe ko'ina, sai ƙofa guda. A can kuma babu sama babu ƙasa, tsaye da kwance duk ɗaya ne.

Nan na tuna abin da na karanta. Ta Amurkawan ma fiffike ɗaya ya cire tun wajen harbawa, zafin rana ya dame ta, sai da mutanen da suka je suka kafa mata laima. Na nuna karyayyen karan, na nuna jinkar. Sai hannuwa suka tashi ko'ina. Har sufeto sai da ya tambayi yadda suke shan ruwa.

An tabbatar da ni. Da na ba Kawu labari bai ko ɗago daga kwaɓin ƙasarsa ba. "Ashe su ma sai da sunka yi jinka. Da sun tambaye ni tun farko."

Na yi shekaru talatin ina koyarwa bayan haka. Duk abin da zan koya wa yaro, komai nisansa, daga tsakar gidansu nake ɗauko shi, kuma Kawu ne ya koya mini.