Mai Minshari Ya Samu Gida

A kasuwar Asabar ta Bendigo, wani dattijo mai faffaɗar hula yana tsugune gaban rumfar masu nema wa karnuka gida. Idonsa na kan wani guntun kare mai shafaffen hanci da kowa ke wucewa.

"Baba, ba ya jure zafi fa," in ji matar rumfar. "Kullum sai an ɗiga masa magani a ido. Ga minshari!"

Dattijon ya kwashe da dariya. "Madalla! Tun rasuwar matata shiru ya ishe ni."

Ina jin marigayiyar ma gwana ce.

Ya taɓa kwalta da bayan hannu, ya ji zafi, sai ya sungumi karen, ya kifa masa hularsa. Ga shi can yana tafiya, sanƙonsa na ƙyalli a rana.