Gwaggo Zali da magunan da muka zubar a Misfala

Kafin masu shagunan Misfala, unguwarmu a nan Makka, su ɗaga ƙofofinsu, Gwaggo Zali ta riga ta zaga lungu uku. Tana idar da sallar asuba take fitowa, jarkar ruwa a hannu ɗaya, ledar guntun kaji da wani mai gidan abinci yake ajiye mata a ɗayan. Tana bin robobin da ta jera a gindin bango, inda rana ba ta kaiwa sai hantsi ya yi, ta wanke, ta zuba sabon ruwa. Ba ta kiran kowa. Maguna ne ke fitowa da kansu daga ƙarƙashin motoci, ita kuma tana duba su ɗaya bayan ɗaya, wace ce ke ɗingishi, wace ce ba ta fito ba. Shekara ashirin da biyu ke nan tana wannan zagaye, kuma a ƙarshen watan nan za ta daina.

Mu ne muka ɗora mata aikin, gara in faɗa tun yanzu. Muna da wata wauta a garin nan da ban san inda muka samo ta ba. Mutum zai sayo wa 'yarsa kyanwa mai dogon gashi da sallah, a yi ta ɗaukar hoto. Bayan wata shida ta kamu da ciwo, ko ta fara zubar da gashi a kan darduma, sai ya saka ta a kwali ya ajiye a ƙofar masallaci, ya ce ai nan harami ne, ko tsuntsu ba a kora, Allah zai kula da ita. Dabbar da ta tashi a ɗaki mai sanyi, ba ta taɓa neman abinci da kanta ba, ita ce aka bar wa kwaltar Makka da tsakar rana. Kwana uku take yi, in ta daɗe. An hana mu kashewa da hannu, sai muka ba rana aikin, muka shige masallaci da alwalarmu.

Ni ma na yi. Shekara goma sha biyu da suka wuce, kyanwar 'yata Raghad ta yi ciwon ido, na ga ba zan iya da ita ba, na kai ta inda kowa ke kaiwa. Kwana biyu bayan nan Gwaggo Zali ta ƙwanƙwasa mini ƙofa. Ta gane kyanwar, don ta saba ganinta a tagarmu.

"Tsoho ɗan Rabi'atu," ta ce, "ba dawo maka da ita na zo yi ba. Na zo in gaya maka bissar, kyanwar taku, tana raye, don ka samu ka yi barci. Ido ɗaya ya tafi. Haram alaik, ɗana."

Ta juya ta sauka. Ko ruwa ba ta tsaya ta sha ba. Na fi wata ina canza hanya don kada mu haɗu.

Ɗakinta guda biyu ne a hawa na farko, ɗaya nata, ɗaya na marasa lafiya. In kyanwa ta warke sai ta nema mata gida, kuma a nan ne mutane suke cewa tsohuwar ta cika fitina. Ba ta ba ka sai ta ga gidanka, ta taɓa ragar taga da hannunta. Sannan ranar da kyanwa ta cika kwana arba'in a wurinka, za ka ji sallamarta. Ziyarar arba'in take kiranta, kamar wadda ta aurar da 'ya ta haihu. Hisham mai tasi ya ba ni labarin ranar da ya kai ta wani gida a unguwar Zahir. Suka tarar an ɗaure kyanwar da igiya a saman bene, kwanon ruwanta a bushe. Matar gidan ta ce, "Ya hala," wato inna da Larabci, "tana yaga mana kujeru ne, wallahi." Gwaggo ta durƙusa da gwiwoyinta masu ciwo ta kwance igiyar. Matar ta ce ai an riga an ba su.

"Amana na ba ku, ba kyauta ba," in ji Gwaggo. "Yalla Hisham, mu tafi."

Hisham ya ce har suka iso Misfala tana ba kyanwar ruwa a tafin hannunta, tana ba ta haƙuri da Hausa.

Me muka saka mata da shi? Mun sa mata suna Uwar Maguna, kuma ba don yabo ba. Wasu suka ce ta zautu tun rasuwar mijinta. Wasu suka ce ba banza ba, wa zai tara baƙaƙen maguna a ɗaki in ba mai hulɗa da aljanu ba. Na san gidajen da take aika wa kunu da azumi, su karɓa da godiya su juye a shara, wai akwai gashi. Mutanen nan kuwa kowannensu ya haddace hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa, yana iya karanto maka shi da Larabci ba gargada.

Shekara biyar da suka wuce wasu 'yan mata suka kafa ƙungiyar ceton dabbobi, Lujain ce shugabarsu, jikar Bakano ce amma Hausarta sai a hankali. Ba zan ci haƙƙinsu ba, suna kai maguna wurin likita, suna nemo masu ɗauka ta waya. Amma mai ƙurji da mai zawo da wadda mota ta taka, ɗakin Gwaggo ake kai su. Sai ta yi wata biyu tana wanke miki, gashi ya fito, sannan a zo a ɗauki hoto. Bara aka yi taro a wani babban zaure, aka raba takardun yabo, babu ta Gwaggo. Lujain ta ce mini, idonta cike da hawaye, "Ya ammi, na ba su isminta, wallahi na ba su sunanta. Suka ce wa ya san ta?" Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ranar taron Gwaggo tana gida tana ɗura wa 'yan kyanwa huɗu madara da sirinji.

Gwaggo, ke ce kika tsaya inda malamanmu da attajiranmu suka ɗauke kai. Ke ce kika binne waɗanda ba ki riska da rai ba, kika nannaɗe su a tsumma don kada a kwashe su da shara. Zali ta Misfala, mai ruwan asuba. Ban taɓa jin kin roƙi kowa komai don kanki ba, kuma wannan ma ya zame mana hujjar ƙyale ki.

Yanzu an shafa wa gininsu jan fenti, za a rushe. Gwiwoyinta sun ƙare. Ɗanta Majid zai ɗauke ta zuwa gidansa a hawa na huɗu, mai gidan ya hana dabbobi, kuma jikarta tana da asma. Maguna ashirin da shida ne a ɗakin lokacin da takardar tashi ta zo. Su Lujain sun samar wa goma sha tara gida cikin mako biyu, farare da masu dogon gashi suka fara tafiya. Bakwai suka rage: baƙaƙe biyar, wani tsohon muzuru marar haƙora, da wata mai ƙafa uku. Mutane suna hawowa, su leƙa, su ce babu fara? Su sauka. Abin da ya fi ƙona mini rai, yawancinsu namu ne, jikokin waɗanda suka tako ƙasa daga Katsina da Damagaram, waɗanda suka fi kowa sanin ciwon a dube ka a wuce saboda launin fatarka.

Na ɗauki mai ƙafa ukun. Sai da Gwaggo ta aiko Lujain ta duba tagogina tukuna, kuma ban ga laifinta ba. Da na ce mata zan yi rubutu a kanta, ta yamutsa fuska.

"Kada ka ɓata tawada a kaina. Rubuta cewa muzurun ba ya iya tauna, sai an jiƙa masa. Kuma baƙaƙen nan biyu 'yan uwa ne, kada a raba su. Halas, shi ke nan."

Na rubuta, Gwaggo. Mun gode, ko da yake godiyar ta zo a makare, kuma ba ta kai ko kwanon ruwa ɗaya amfani ba. Allah ya saka miki da abin da muka kasa.

Ku kuma masu karatu, ban ce ku zama ita ba, na san ba za ku iya ba. Wanda ya gaji da dabbarsa ya nemi masu ceto, ya daina jingina wa harami rashin imaninsa. Wanda yake da taga mai raga da ɗan wuri a falo, saura shida, kuma saura kwana tara motar rusau ta iso. Ƙofarta ita ce shuɗiya, bayan gidan burodi, a buɗe take. Jiya na zauna da ita daga la'asar har aka kira magariba. Ba wanda ya zo, amma duk takun da ta ji a matakala sai ta gyara mayafinta ta ce, "Bismillah, shigo."