Ranar da Na Ajiye Kawu a Benci

Mun tashi da asuba daga Maradi, ni da Baba da ƙanwata, liman bai ma gama addu'ar bayan salla ba muka nufi tasha. Umara za mu kai Baba. Shekara uku yana maganar wannan tafiya, gwiwoyinsa kuma kullum ƙara ƙin sa suke yi, har ta kai daga zaure zuwa masallaci sai ya huta sau biyu. Ni kuwa satina guda da saukowa daga Tuluz ta ƙasar Faransa, inda nake aikin wutar lantarki, inda kuma na kamu da ciwon ƙwallon zari-ruga, kamar yadda ku masu bin shafina kuka sani. Na san hotuna kuke jira da labari mai daɗi. Hotunan suna nan, amma labarin na kunya ne, kuma gara ku ji shi daga bakina kafin ƙanwata ta riga ni.

Hanyar Yamai tana nan yadda na bar ta, wani wuri sumul, wani wuri sai direba ya zaɓi ramin da zai faɗa. A Madawa muka sayi kilishi, mai kilishin ya kalli takalmina ya ɗora mini kuɗin 'yan Turai, ƙanwata ta karɓi cinikin ta dawo da shi hayyacinsa. A Galmi ƙamshin albasa ya shigo motar tun kafin mu ga buhunan. Baba yana ta jan carbi. Ni kuwa tun daga Konni har Doso kaina yana cikin waya, domin a satin ne kocin Faransa zai fitar da sunayen 'yan wasan da zai kira wa gasar farkon shekara, ni ma ina rubuta nawa jerin, kamar wani ya tambaye ni.

Ga wanda bai san wasan ba, mutum goma sha biyar ne a fili, kowa da lambarsa, kowace lamba da irin jikin da take so. Na ɗaya zuwa na uku gajeru ne masu kaurin wuya, su ne a gaba idan an haɗa kafaɗa ana turereniya. Na huɗu da na biyar dogaye ne, su ake ɗagawa sama su cafo ƙwallo. Na gefe kuma gudu kawai ake nema a wajensu. Ni lamba uku nake bugawa a ƙungiyar unguwarmu, kuma na daɗe da wata mummunar ɗabi'a, duk wanda na gani sai na auna wuyansa da cinyarsa na ba shi lamba a zuciyata. Rigimar da muka yi wata guda muna yi da ku a kan lamba tara ce, mai raba ƙwallo. Akwai matashi ƙaƙƙarfa da nake so, akwai wani ɗan tsurut da ya fara manyanta, ba gudu ba ƙirji, wanda wasunku suka nace wai yana karanta fili. Na rubuta da hannuna cewa karatu a makaranta ake yin sa, a ajiye shi a benci.

Daga Yamai muka hau jirgi, muka yada zango sau ɗaya, inda muka ɗaura harami. A nan na kalli kaina a madubi da kafaɗa a waje, kuma ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗin abin da na gani. Mun sauka Jidda da hantsi, muka shiga jirgin ƙasan nan mai gudu, kafin Baba ya gama mamakin sanyin cikinsa har mun iso Makka. Garin duwatsu ne da dogayen benaye, motoci suna shiga cikin dutse ta rami suna fita ta wani gefe. A bakin masaukinmu akwai mai gurasar tamis da wake, layi har titi, gurasar kuwa faɗinta ya kai faifai.

Muna ajiye kaya Kawu ya iso. Ɗan gwaggon Baba ne, wato taubashinsa. Uwarsa ta zo ƙasar nan ta hanyar Sudan tun kafin a haife shi, a unguwar Utaibiyya ta nan Makka aka haife shi, a nan ya tsufa. Duk shekara lokacin aikin hajji yana Mina yana yi wa alhazai jagora, sauran watanni kuma yana tura tsofaffi a keke cikin Harami. Suna haɗa ido da Baba suka fara tsiya, wannan ya ce wancan ya tsufa, wancan ya ce wannan bawansa ne. Ni kuwa ina gefe ina aikina na aunawa. Gajere ne, siriri, wuyansa bai fi damtsena ba, yana ɗan ɗingisa ƙafar hagu. Na duba daga ɗaya har sha biyar ban samar masa lamba ba.

Ya zo da kekensa, wanda su suke kira arabiyya. Tsohon keke ne amma tsaf, sai dai ƙarfen da ake ɗora ƙafa an nannaɗe shi da wani tsohon tawul, an ɗaure da igiyar leda.

"Bayan Azahar za mu shiga, ya waladi, ɗana," in ji shi, yana cakuɗa Hausa da Larabci. "Ni ka tura taubashina. Kai ka bi mu a baya, shwayya shwayya, sannu a hankali, akwai zahma yau, cunkoso ya yi yawa."

Na ce, "Haba Kawu, ina raye? Ka huta. Turi ai shi ne sana'ata a can. Ka dai riƙe mana takalma."

Ya dube ni, ya dubi Baba. Baba ya yi ɗan murmushi ya ce, "Bar shi, taubashi. Ya ce ƙarfi gare shi." Kawu ya ce, "Ɗayyib, to shi ke nan," ya karɓi jakar takalman ya rataya. Da suka juya suna hira, na tsuguna na kwance tawul ɗin nan na cusa a bayan kujera, don kada ya ɓata mini hoton da zan ɗora muku. Ƙanwata ta gani, ta ce in mayar, na ce mata ta kula da hijabinta.

Ba zan iya kwatanta muku ganin Ka'aba ba. Baba ya fashe da kuka, ni ma idona ya cika, na ɗan lokaci na manta da kowace lamba. Masu keke a bene suke ɗawafi, zagayen can kuma ya fi na ƙasa tsawo nesa ba kusa ba. Na kama keken na sunkuyar da kai yadda muke yi a fili, na fara turi. Zagayen farko ina wuce mutane ina jin kaina. A na biyu na gane cewa taron nan ba a ture shi, in ka matsa sai ya rufe, in ka kutsa sai ka tsinci kanka a bayan inda ka baro. A na uku gumi ya jiƙa haramina, numfashina yana fita da ƙara, Baba yana ta rirriƙe hannun kujera saboda fizgar da nake yi masa. Sau biyu na ji muryar Kawu a baya yana cewa, "Dubi ƙafafu, ya waladi, kada ka dubi bayan mutane." Na yi kamar ban ji ba.

Ana cikin haka wayata ta fara motsi a ɗamarar da ke ƙuguna. Ta yi, ta sake yi, ta ƙi tsayawa. Na san ko mene ne, sunaye sun fito, kuna ta turo mini. Ina gaban ɗakin Allah, ina tura mahaifina a ɗawafin da ya shekara uku yana jira, na saki hannu ɗaya na zaro waya, wai in leƙa lamba tara kawai.

Ko sunan ban kai ga karantawa ba na ji keken ya daki wani abu. Wata tsohuwa ce, ƙarama, cikin fararen kaya, daga irin ƙasashen gabas ɗin nan. Ƙarfen da na tuɓe wa tawul ya yanke ta a agara. Ba ta yi ihu ba, ta dai durƙusa, jini yana bin farin daɓen. 'Yarta ta riƙe ta tana magana da harshen da ban sani ba, tana kallon wayar da ke hannuna.

Baba ya ce, "Tsaya." Bai ɗaga murya ba. "Mi kake dubi cikin abin ga?" Na cusa wayar a ɗamara. Ya ce, "Ni ban zo ɗakin Allah in zubar da jinin baƙinsa ba. In haka za a yi, maishe ni masauki."

Kafin in motsa Kawu ya riga ya janye mu gefe, inda ba mu tare wa kowa hanya ba. Ya zaro auduga da filasta daga aljihun da ban san yana da shi ba, ya miƙa wa 'yar, ya yi musu wasu kalmomi da harshensu har tsohuwar ta ɗago ta dube shi. Ya yafito masu shara suka goge wurin. Baba ya sa aka matsa da shi kusa da ita, ya haɗa hannuwa yana ba ta haƙuri a kan laifin da ba nasa ba. Ta ɗaga masa hannu alamar komai ya wuce, ta tashi tana ɗingishi. Ni ko kallona ba ta sake yi ba, kuma ban ga laifinta ba.

Baba ya tambaye ni zagaye nawa muka yi. Uku ne, biyar ne, wallahi ban sani ba. Kawu ya nuna wani ɗan carbi mai ƙwaya bakwai da ke yatsansa ya ce, "Huɗu, muna cikin na biyar." Sannan ya sa hannu a bayan kujera ya zaro tawul ɗinsa, ashe ya ga inda na ɓoye shi. Ya tsuguna ya nannaɗe ƙarfen ya ɗaure, ya cire jakar takalma daga kafaɗarsa ya miƙo mini. Da ma zagina ya yi da na fi samun sauƙi.

Na bi su a baya ina kallo. Kawu ba ya turi, tafiya kawai yake yi keken yana gabansa. Idonsa yana ƙasa a kan dugadugan mutane, ya san wanda zai tsaya kafin ya tsaya, ya san ayarin da zai karkata hagu. Wuri yana buɗewa yana ciki, ba gaggawa, yana cewa "ɗarik, ya hajji", wato a ba shi hanya, a hankali kamar mai lallashi. Baba ya saki hannun kujera ya ɗaga tafukansa yana addu'a, abin da bai samu yi ba duk lokacin da nake tura shi. Haka suka gama ɗawafi, suka yi Safa da Marwa, mutumin da na hana wa lamba ko haki bai yi ba. Ni da nake ɗauke da takalma ƙafa huɗu ni ne nake neman wurin zama.

Washegari muka je gidansa a Utaibiyya, unguwa mai matsattsun lunguna da hawa da gangara. Matarsa ta yi mana shinkafa da kaza irin tasu, aka kawo tsire wanda a can suke kira siriya, yajinsa sak na gida. 'Ya'yansa suna gaishe mu da Hausa su koma Larabci a tsakaninsu. Na samu Kawu shi kaɗai yana zuba shayi, na durƙusa na ba shi haƙuri. Ya ce, "Ma'alesh, ba komai, ya waladi, halas, ya wuce. Ni ma shekarata ta farko na yanke wani Baturke. Ranar na ɗaura tawul." Sai da muka koma masauki na iya buɗe saƙonninku. Koci ya kira ɗan tsurut ɗin da na ce a ajiye a benci. Na ga duk dariyar da kuka yi mini, ban da bakin ramawa.

Mun yi sauran kwanakinmu lafiya, kullum Kawu ne a turin keke, ni a takalma. Na yi ta duba fuskokin tsofaffin mata a Harami ko zan ga matar nan in roƙe ta gafara da kaina, ban sake ganin ta ba. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai har yanzu.

Mun dawo Maradi da yamma, gida cike da 'yan taya murna, ana raba dabino da zamzam. Abin da na koyo a tafiyar nan ba mai yawa ba ne. Na daina ba mutane lamba daga ganin wuyansu, kuma in na ga tsohon ma'aikaci ya ɗaura tsumma a kan kayan aikinsa, zan tambaye shi dalili kafin in taɓa. Jerin 'yan wasa kuwa, bana ku rubuta naku, ni na ajiye alƙalami.

Ina zaune a bakin zaure wani abokin Baba ya dafa kafaɗata ya ce wa Baba, "Alhaji, ai da wannan ƙaton a bayanka ba ka sha wuyar ɗawafi ba." Ƙanwata ta leƙo daga cikin gida tana jira. Baba ya kurɓi zamzam ya ce, "Taubashina ne ya tura ni, Allah ya saka mishi. Wannan takalmanmu ya riƙe." Sannan ya ƙara da cewa, "Kuma ya riƙe su da kyau, ko ɗaya bai ɓace ba."